Mudun Babana

Na yi kwana biyu shiru, ba komai ya jawo ba sai wata magana da na daɗe ina juyawa a raina, in faɗa ko in bari. Na tambayi Baba, ya ce in faɗa mana, tunda ba asirin wani zan tona ba, nawa ne.

Ga wanda bai san ni ba, ni Bahaushe ne, kuma Kirista. Na san akwai wanda daga jin haka zai ce ƙila dai mai jin Hausa ne. A'a, Bahaushe nake nufi. Kakana Bamaguje ne daga wani ƙauye a ƙasar Malumfashi, a hannun 'yan mishan ya karɓi bishara, sannan ya biyo fatake zuwa Jos lokacin da kuza take tashe, yana sayar wa leburori dawa da gero. A nan aka haifi babana, a nan aka haife ni a 1997. Ba mu da wani yare da muke juyawa in mun shiga ɗaki, wannan da nake rubutu da shi shi ke nan.

To zaman irinmu a garin nan sai wanda ya gwada. Ranar Lahadi ka shiga majami'a, da Hausa ake sujada, da Hausa ake waƙa, Littafi Mai Tsarki na Hausa ne a hannun kowa, wanda tun 1932 aka buga shi gaba ɗayansa. Birom ne, Angas ne, Tarok ne, kowa da harshen uwata yake yi wa Allah magana. Amma ranar da baƙo ya ji cewa ni asalin Bahaushe ne, sai ka ga ya sake kallona, ya ce, "To yaushe ka tuba?" Litinin kuma ka shiga kasuwa, ga 'yan'uwana na jini da harshe, da su muke cin tuwo a kwano ɗaya, da Sallah a kawo mana nama, da Kirsimeti mu kai musu shinkafa. Amma in gardama ta yi zafi, ba a rasa wanda bakinsa zai suɓuce ya ce arne. Tun muna yara Baba yake ce mana laifinmu sau biyu ake rubuta shi, sau ɗaya a littafin Hausawa, sau ɗaya a littafin Kirista. A lokacin mun ɗauka irin maganar manya ce kawai.

Hatsi Baba yake sayarwa, kamar babansa. Masara daga Mangu da Saminaka, wake daga wajen Potiskum, shinkafa 'yar gida daga Shendam, acca daga wajen Bokkos. A babbar kasuwar Terminus rumfarsa take har wuta ta cinye kasuwar a watan Fabrairu na 2002, wata biyar bayan rikicin 7 ga Satumba 2001. Ni ina ɗan ƙarami, abin da nake iya tunawa kawai shi ne warin hayaƙi a rigarsa. Komai ya ƙone, har da littafin bashi. Waɗanda Baba yake bi da yawa suka manta, ka san mai cin bashi da saurin mantuwa. Shi kuwa ya zauna ya tuno duk wanda yake binsa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cewa ga abin da ke kaina, ku yi mini haƙuri zan biya. A cikinsu akwai wani Alhaji, dillalin hatsi, wanda shi ma takardunsa sun ƙone, bai ma san adadin ba sai da Baba ya faɗa masa. Wannan Alhajin ne ya ba shi buhu goma bashi ya sake tashi, kuma shi ya samo masa rumfar da muke ciki yanzu, kusa da tasa. Baba Alhaji muke ce masa.

Abu ɗaya ne ya fita daga tokar, wani tsohon mudu na ƙarfe, ya yi baƙi amma bai lanƙwashe ba. Da shi Baba ya ci gaba da awo. In zai auna miki sai mudu ya cika ya batse, ya sa hannu ya tare baki, sannan ya ɗebo gyara. Mama takan ce wannan hannun naka shi ya hana mu gina gida. Sai ya yi dariya kawai.

Sai kuma maganar Ngo. Wata tsohuwa ce 'yar Birom mai sayar da gwate, haka ake kiran dattijuwa a wurinsu, mu ma haka muke kiranta. Tun a Terminus take sayen masara da acca a wurin Baba. Bayan rikicin 28 ga Nuwamba 2008 mun bar gidan hayarmu na Nasarawa mun koma wajen Kabong, kamar yadda kowa ya yi ta komawa inda masu addininsa suka fi yawa. To a watan Janairu na 2010 da abin ya sake tashi, muna hanyar komawa gida ni da Baba, wasu samari da sanduna da adduna suka tare mu kusa da Gada Biyu. Baba kuwa kaftani da hula, bai taɓa yarda ya canza shiga don tsoro ba. Ya ce musu mu Kirista ne. Suka ce ya karanto Addu'ar Ubangiji. Ya karanta tun daga farko har ƙarshe. Wani a cikinsu ya ce ai kowa zai iya haddacewa, ku ji Hausarsa ma, wannan ba namu ba ne. Ina da shekara goma sha biyu, ina riƙe da gefen rigarsa, fitsari yana bin ƙafata. Sai ga Ngo ta ratso cikinsu da zane a ƙirji, tana faɗa da yarensu tana haɗawa da Hausa, ta kama hannun Baba ta ce wannan mutumin shekara da shekaru yake auna mata hatsi bai taɓa rage mata ƙwaya ba, duk mai son ya taɓa shi ya fara da ita. Ba ta ce ta taɓa ganinsa a coci ba, don ba cocinmu ɗaya ba. Maganar mudu ta yi. A ɗakinta muka kwana biyu.

Na kawo duk wannan ne don ku san irin mutanen da na cuta.

A farkon Janairu na 2023 Baba ya faɗi a rumfa, hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki na dama. Ni tun da na gama sakandare a 2016 nake zaune tare da shi, amma ban taɓa riƙe rumfar ni kaɗai ba sai lokacin. Kuma kun san abin da ya same mu a watannin nan. An canza takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuma babu su. Mutum da kuɗinsa a banki yana kwana da yunwa. A tura maka kuɗi ta waya a ce sun fita, kai ba ka gani ba sai bayan kwana uku. Masu POS suna sayar maka da kuɗinka. Manomi a ƙauye kuma ya ce shi bai san taransifa ba, a ba shi a hannu. Ga maganin Baba, ga mai gashin ƙashi da ke zuwa yi masa motsa jiki, ga kuɗin makarantar ƙannena biyu. Ba na faɗa don a tausaya mini ba, kowa a garin nan ya sha irin tasa, kuma ba kowa ya yi abin da na yi ba.

Wani yaro sa'ana ne ya nuna mini. Abin ba wuya. Ka sayi sabon mudu, ka kifa shi a kan buhu, ka sa tsumma a gindinsa, ka bi shi da guduma a hankali har ya ɗan shige ciki. Daga waje ba a ganin komai, in hatsi ya rufe kuwa shi ke nan. Wasu kyandir suke narkawa a ciki. Nawa da na gwada shi da na Baba, mudu goma nawa tara ne nasa. Na ɗauki mudun Baba na tura ƙarƙashin buhuna.

Da farko na yi wa kaina doka, na ce baƙi kawai, waɗanda ban sani ba, kuma sai Baba ya warke in daina. Ba a yi mako ba dokar ta fara sauyawa. In mace mai hijabi ta zo sai in tuna Nasarawa da kayanmu da muka bari, in ce ai su ma sun ci namu. In 'yar coci ce sai in tuna yadda suke zuwa da "ɗan'uwa a rage mini" su ɗauki bashi su ɓace, in ce ai haƙƙina nake karɓa. Kun ga amfanin zama a tsakiya ke nan ga mai son zuciya, kowane ɓangare ina da ƙorafin da zan fake da shi. Daga baya ma na gaji da canza mudu, na bar ɗaya a kan faifai. Ngo tana zuwa Talata da Juma'a, mudu shida na masara, biyu na acca. Ina gaishe ta har ƙasa, ina tambayarta ya ƙafa, ina auna mata da shi.

Kuma duk wannan lokacin ban fasa zuwa sujada ba. Ina cikin mawaƙa, ina jan addu'a a taron matasa, har na tsaya na ba da shaida cewa Allah yana biya mana bukata a cikin wannan tsanani, mutane suka ce amin. Daga cikin kuɗin nake cire baiko. Ranar Jibin Ubangiji ce kawai da gurasa ta zo gabana na ji hannuna ya yi nauyi, amma na ɗauka, don kada na kusa da ni ya lura. Gaskiya ni ban ji wani tsoron Allah mai yawa ba a lokacin, tsoron kada a kama ni ya fi yawa.

Mako bakwai na yi a haka. Wata ranar Alhamis a tsakiyar Maris, bayan la'asar kasuwa ta fara watsewa, Baba Alhaji ya aiko yaronsa ya kira ni. Na same shi a kan buzu da carbi, ya sallami kowa.

Ya ce, "Ya jikin malamin?"

Na ce, "Da sauƙi, Baba."

Ya ce, "Madalla. Ɗana, ina mudun babanka?"

Na ce yana nan, ya tsufa ne na ajiye. Ya yi shiru yana kallona har na sunkuyar da kai. Ya ce shi shekara arba'in yana wannan sana'a, daga ƙarar zubar hatsi yake gane mudu. Ya ce mako uku ke nan da ya lura, yana jira ko zan dawo da kaina. Sannan ya faɗi abin da har yau yake mini yawo a kunne. Ya ce, "Ka san sau nawa aka zauna a gabana ana cewa Kirista ba shi da amana, na ce ƙarya ne, ku je ku ga maƙwabcina? Da babanka nake rufe bakin mutane. Yanzu in sun zo me zan ce musu?" Bai zage ni ba, bai kai ni wurin shugabannin kasuwa ba, alhali yana da ikon yi. Cewa ya yi ko in faɗa wa Baba da bakina kafin Lahadi, ko shi ya je dubiya.

Daren Asabar na faɗa. Baba yana kwance, maganarsa ba ta fita sosai a lokacin, sai ka kasa kunne. Na zata zai yi kuka ko ya kore ni. Abin da ya fara cewa shi ne, "Nawa?" Na ce Baba na tuba, na riga na roƙi Allah gafara. Ya ce, "Na ji. Nawa?" Ya sa aka ɗauko littafin ciniki, Mama ta riƙe fitila don babu wuta, muka yi ta lissafi har dare ya raba. Mudu kusan 2,000 na sayar a makonnin nan. Wato na ci wa mutane kimanin mudu 200, kusan buhu uku.

Ya ce a mayar. Na ce da me, ga magani ya kusa ƙarewa. Na ce ai Allah mai gafara ne, in na daina ba shi ke nan ba? Sai ya tuna mini labarin Zakka, gajeren mai karɓar harajin nan da muka koya a makarantar Lahadi, wanda ranar da Yesu ya shiga gidansa bai tsaya a kan na tuba ba, sai da ya yi maganar mayar wa mutane kayansu. Baba ya ce, "Shi ninki huɗu ya ce. Ni ban ce maka huɗu ba, ba mu da shi. Ɗaya dai." Mama ta yi dariya tana share hawaye. Ita ce kuma ta biya, don kwasar adashinta da take jira ta sayi keken ɗinki da ita aka sayi buhunan. Har yanzu ban gama biyanta ba.

Waɗanda ban sani ba, Baba ya ce in riƙa ƙara wa kowane mai saye cikin tafi biyu har adadin ya fita, in rubuta. Wannan mai sauƙi ne, har yabo na riƙa samu a kai, abin da ya fi ba ni kunya. Masu wuyar su ne waɗanda na sani, mutum 31, masu abinci da masu ƙosai da masu kunu da matan gida. Baba ya ce kowa a kai masa har gida, kuma in faɗi dalili, kada in ce kyauta ce.

Haka na ɗauki keke napep da ƙulle-ƙullen hatsi a leda na shiga gari. Na shiga Gangare, na shiga Ali Kazaure, na shiga Unguwar Rogo, wuraren da rabona da su tun ina yaro ko da yake ba su fi tafiyar minti ashirin daga rumfarmu ba. Na shiga Unguwar Rukuba da Tudun Wada da Jenta. Wata Hajiya mai waina ta saurare ni ta ƙyaure, ta ce, "Ikon Allah," ta karɓa, ta sa aka ba ni waina a takarda. Wani magidanci ya ce dama me za a jira daga wanda ba ya sallah. Wata mai burodi da shayi a Tudun Wada ta kira maƙwabtanta su zo su ji, ta ce, "Ba na faɗa muku ba? Bahaushe ko ya shiga coci Bahaushe ne." A rana ɗaya na ji duka biyun, ka ga littattafan nan biyu da Baba yake faɗa. Wasu kuma dariya suka yi mini, suka ce kai yaro ba ka da wayo, kowa ma haka yake yi, wa ya aike ka? Wani har ya ce in na gama in zo in koya wa mai sayar masa da fetur.

Gidan Ngo na bari a ƙarshe. Lissafinta mudu goma sha ɗaya da ɗan wani abu, na cika goma sha biyu. Na same ta tana gyaran yakuwa a tsakar gida, a gaban ɗakin nan da muka kwana. Na durƙusa na faɗa mata. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Ta ce ta lura tukunyarta ba ta cika kamar da, har ta mari jikarta a kan tana ɗibar mata gari. Wannan ban san da shi ba sai a lokacin. Ta kira yarinyar, 'yar shekara goma, ta ce in maimaita a gabanta. Na maimaita. Ta ce, "Ajiye a can." Na ce Ngo ki yafe mini. Ta ce, "Ka gai da babanka." Ta ci gaba da yakuwarta.

Ban san me na zata ba. Ina jin a raina na shirya cewa za ta rungume ni, in dawo in ba da shaida mai daɗi a coci. Na koma gida ina jin haushi, har na ce wa Baba ai ita ma Kirista ce, ba an ce mu yafe ba? Ya ce, "Kai aka ce wa ka mayar. Nata tsakaninta da Allah ne, ba kai za ka karɓo ba."

Fasto na je na same shi ni kaɗai, ya ce in sauka daga mawaƙa wata uku. Na sauka. Da wa'adin ya cika ban koma da wuri ba, sai da aka aiko. Yaron da ya koya mini kuwa har yau muna gaisawa, yana nan yana abinsa, kuma ya riga ni sayen babur. Ba zan ce abin ba ya taɓa ni ba. Bayan an cire tallafin mai a ƙarshen Mayu na 2023 kuɗin mota ya ninka, riba ta ƙara tsukewa, akwai ranakun da nakan kalli gudumar da ke rumfa in kawar da kai. Shi ya sa bugaggen mudun ban jefar da shi ba. Baba Alhaji ya ce in huda shi, na huda, na rataye a ƙusa daidai inda nake zama. Masu saye suna tambaya, wani lokaci in faɗa, wani lokaci in ce labari ne mai tsawo.

Baba ya samu sauƙi, yana takawa da sanda. Yakan zo rumfa sau biyu a mako ya zauna a kujera, su yi ta gardamar siyasa da Baba Alhaji, amma hannun daman bai dawo ba, ba ya iya awo. Ngo ta fi shekara tana wuce mu, ta gai da Baba, ta je layin gaba ta saya. Ni ko kallo.

Sai ranar wata Talata cikin damina, ina ɗaure buhu, na ga inuwa a bakin rumfa. Ita ce, da jikar tata a baya. Ta kwance ɗaurin zanenta ta fito da wani mudu nata na gida ta ajiye a kan masara. Ta ce, "Shida. Da wannan."

Na auna mata da shi. Har yau da shi take zuwa.